Mitar Saitin Dish a Shekarar da Aka Rufe Layi

Makon jiya aka kira ni wani gida a nan Ƙaura, can bayan tashar jirgin ƙasa, wai dish ɗinsu ya ɗauke. Na je na tarar da shi sabo fil, ko tsatsa bai fara ba. Maigidan ya ce wani saurayi ne ya kafa masa. Ya zo ba jaka ba mita, wayarsa kawai ya ɗaga sama ya jujjuya, ya ce ga tauraron ɗan'adam ɗin can, ya murɗa dish har hoto ya fito, ya wanke hannu ya tafi. An yi kallo mako guda. Ranar da aka yi 'yar iska da la'asar hoto ya fara kakkaryewa, kashegari babu komai a talabijin sai shuɗi.

Da na haɗa mita na ga abin da na zata. Yaron ya samu tauraron, amma a gefensa ya tsaya, kamar wanda ya zauna a bakin benci da rabin jiki. Na sassauta noti biyu, na matsar da dish ɗin abin da bai kai kaurin farce ba, na ɗaure ina kallon mita. Maigidan ya dube ni ya ce, "Wai shi ke nan?" Na ce masa shi ke nan.

Irin wannan ne yake ruɗinku, ku samarin da kuke zama a bakin shagona da hantsi kuna cewa aikin dish ba wani aiki ba ne, juya faranti ne kawai. Kun ga minti goman da na yi a gidan mutumin, ba ku ga shekarun da suka haifi minti goman ba. To ku gyara zama in ba ku labari.

Ni gyaran rediyo na fara koya, a rumfar Malam Ɗanjumma, bakin kasuwar Ƙaura. Ba yaro ba ne ni lokacin, har na yi aure. Malam Ɗanjumma shi ne mutum na farko da na sani a yankinmu da ya iya taɓa dish. A Gusau ya koyo, wajen masu kafa wa manyan mutane. Dish ɗin wancan zamani ba irin na yanzu ba ne da mutum ɗaya zai rataya a babur. Ƙato ne mai raga, faɗinsa ya kai jinkar ɗaki, sai ƙarti huɗu sun kama kafin a ɗora shi a kan turke.

Kuma ba mu da mita. Talabijin ɗin maigida muke fitowa da ita tsakar gida, mu lulluɓa mata zane saboda hasken rana, Malam Ɗanjumma ya cusa kai cikin zanen, ni kuma ina bayan dish ina turawa. Ya ce "ya zo," in tsaya. Ya ce "ya tafi," in koma baya. Matsalar ita ce risiba, wato akwatin da ke karɓar sigina ya miƙa wa talabijin, ba ta nuna hoto nan take, sai ta ɗan yi tunani. Kafin ta nuna, kafin ya faɗa, kafin in ji, na riga na wuce wurin. Akwai gidan da muka yi kwana biyu a kan dish ɗaya.

Wata rana ya dawo daga Gusau da wani abu a naɗe cikin hankici. Ya warware a gabana. 'Yar ƙaramar aba ce kamar sabulun wanka, da allura a fuskarta, da ɗan abin murɗawa a gefe. Ya ce, "Wagga ita ce mita. Kada ka taɓa." Damina guda cur ina riƙe masa sifana ina kallo, bai bar ni na taɓa ba.

Ranar da ya ga dama ya fara koya mini, a bayan rumfa muka kafa wani tsohon dish. A gaban kowane dish akwai wani ɗan dunƙulen abu a bakin sanda, wanda sigina ke taruwa a kansa. A takarda LNB ake ce masa, amma Malam Ɗanjumma ido yake kiransa, ni ma haka bakina ya saba. Ya haɗa mitar tsakanin idon da risiba, ya murɗa har allura ta tsaya a tsakiya, tana wani siririn kuka. Sai ya ɗora tafin hannunsa a gaban idon. Allura ta yi tsalle, kuka ya ƙaru.

Ya ce, "Ka ji ta?"

Na ce, "Na ji, Maigida."

Ya ce, "To hannuna tauraro ne?"

Darasin farko ke nan. Mita mai allura ba ta san abin da take ji ba. Bango yana sa ta kuka, itace yana sa ta, rana ma tana sa ta. Aikinka ne ka san mene ne ya sa ta kukan.

Sannan ya nuna mini hannu. Ka saita allura a tsakiya, ka tura dish a hankali, a hankali sosai, kamar mai tsoron tada barci. Allura ta haura ta buga ƙarshe, sai ka rage mata ƙarfi ta dawo tsakiya, ka ci gaba da turawa. Haka za ka yi ta yi har ka kai inda ko ina ka motsa, allura faɗuwa take. Nan ne tsakiyar tauraron. Hagu da dama tukuna, sannan sama da ƙasa, sannan ka murɗa idon kansa a cikin mariƙinsa, domin shi ma yana da nasa zaman. Wajen ɗauri kuma ba a ƙarasa noti ɗaya a koma ɗaya. Ka ɗan ja wannan, ka ɗan ja wancan, idonka a kan allura, don ɗaurin da kansa yana jan dish ya kauce.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai, Shinkafi ne, gidan wani dillalin hatsi mai suna Alhaji Maiwake. Abin da yake so tashoshin Larabawa, masu karatu da wa'azi da sallar Makka. Har ya gayyato abokansa biyu, malamai, suna zaune a falo suna jira. Na hau, na tura dish, allura ta buga ƙarshe, na rage, ta sake bugawa. Na ce yau na zama gwani. Na ɗaure komai tamau, na sauko, na sa risiba ta nemo tashoshi. Hoto ya fito tar, ba ɗigo ba yayyafi. Wasu mata ne Turawa a kan dandamali suna rawa, kayan jikinsu duka ba su kai ɗankwali biyu ba.

Malaman suka sunkuyar da kai. Alhaji Maiwake bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Samari, wagga wace ƙira'a ce?"

Na kashe talabijin da sauri na koma sama. Tauraron da ke maƙwabtaka da wanda nake nema na kama. Sai bayan la'asar na samu na gaskiyar.

Da na dawo na faɗa wa Malam Ɗanjumma, bai yi faɗa ba. Ya ɗauki tsinke ya zana mini wani baka a ƙasa. Ya ce taurarin nan a jere suke, daga gabas zuwa yamma, sun ɗan karkata kudu, kamar kaya a kan igiyar shanya, kuma wasunsu kusa da juna suke ƙwarai. Mako guda ya sa ni a bayan rumfa ina bin su ɗaya bayan ɗaya, in kama wannan in faɗi abin da ke kansa, in wuce na gaba. Tun daga lokacin, in na shiga gida, alƙibla nake fara tambaya. Daga alƙibla na san na Larabawa yana dama, wajen kudu maso gabas, kuma a sama sosai. Akwai wanda yake can ƙasa-ƙasa a gabas, wanda katanga ma tana iya tare shi. Akwai na yamma. Kafin in buɗe jaka na riga na san inda zan dosa, mita tabbatar mini kawai take yi.

Mitar da nake aiki da ita yanzu ta wuce waccan nesa. Tana da batirinta, tana da gilashi kamar na waya, an zuba mata sunayen taurari, kuma in ka kama daidai har hoton tasha take nuna maka kana bisa soro. A gilashin akwai layi biyu. Na sama shi ne ƙarfi, na ƙasa shi ne inganci. Sababbin shiga suna ganin na sama ya cika sai su yi murna, alhali abin da yake gaya maka kawai shi ne wayar da ka jona lafiya take, idon dish ɗinka yana da rai. Ko ƙasa ka kifa dish, na sama zai nuna wani abu. Na ƙasa shi ne mai maganar. Sai ya motsa ka san kana kan tauraron da kake nema, kuma iya cikarsa iya yadda hoto zai jure hadari.

Ban ce wayar da kuke ɗagawa banza ce ba. Tana nuna maka sashen da za ka duba. Amma ku gwada tsayawa da ita kusa da rufin kwano ko jikin ƙarfen dish, ku ga yadda kibiyarta take rawa. Bayan mita, jakata ba ta da wani abin mamaki: sifana mai lamba goma da mai sha uku, filaya, wuƙar fere waya, baƙin tef na naɗe mahaɗa don kada ruwa ya shiga, da guntuwar waya wadda na tabbatar da lafiyarta, don in na yi shakkar wayar gida in gwada da tawa.

Akwai abin da ba ya cikin jaka, kuma in ba ku iya shi ba, ba za a sake kiranku gida ba. Mai dish sama yake hawa, kuma daga sama ana ganin tsakar gidan mutane. Kafin ka ɗora ƙafa a tsani, ka sa maigida ya aika maƙwabta hagu da dama a ce za a hau. Ka jira a kimtsa. In ka hau, idonka a kan dish da mita, ko me ka ji a ƙasa.

A Zurmi na taɓa yi wa wata dattijuwa aiki, Hajiya Asabe. Da rani aka kafa mata dish yana aiki lafiya, damina na faɗuwa ya fara ɗaukewa. Masu gyara uku sun zo kafin ni. Wannan ya canza ido, wancan ya canza waya, na ukun ya ce risiba ce. Na haɗa mita, ƙarfi a cike, inganci yana hawa yana sauka kamar numfashi. Abin da ke hawa yana sauka haka, wani abu ne yake motsi a gabansa. Ƙananan dish na yanzu ba inda fuskarsu ta kalla suke duba ba, sun fi haka ɗaga kai. Na tsuguna a bayansa na bi layin da ido, sai ga reshen kukar maƙwabta, ya yi ganye shar. Da rani kuka tsirara take, shi ya sa wanda ya kafa bai lura ba. Ɗan Hajiya ya ce a je a sare reshen. Ta ce, "A'a. Unguwar nan duka daga kukar nan ake miya. A matsar da abin kallon." Taku shida na matsar da shi. Har yau yana nan.

Shekarar da ta fi kowace tsanani a sana'ar nan ita ce wadda aka rufe layukan waya saboda ɓarayin daji. Kuna tune da ita, amma ba ta inda ta same mu ba. Mu da waya ake kiranmu aiki, sai ga shi babu waya. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, hawa babur ma sai da ƙa'ida. Gidajen kallon ƙwallo suka rufe don ba abin da za a zuba wa janareta. Abokan sana'a da yawa suka tattara suka koma wasu garuruwa. Ni na kakkaɓe tsohon teburin rediyo na koma gyara, da yake rediyo ta dawo da daraja.

Ana cikin haka wani direban motar Zurmi ya kawo mini takarda da rubutun ajami. Daga Malam Isiyaku ce, limamin wani ƙauye a bayan Dauran. Ya ce ɗansa da ke aiki a birni ya saka masa sola da talabijin da dish, kuma tun da aka rufe layi a zaurensa mutanen gari suke taruwa su ji halin da ƙasa take ciki. Iska ta kayar da dish ɗin, wanda ya kafa shi kuma ya bar yankin. An ba shi labarina, yana roƙo in zo.

Na shiga mota zuwa Zurmi, na sake wata zuwa Dauran, sauran na taka da ƙafa. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama. Na isa da hantsi. Malam Isiyaku tsoho ne siriri mai sanyin magana. Ya ba ni ruwa da fura, ya nuna mini dish a bisa soron zaure. Sun tashe shi sun mayar a kan turkensa, amma ba hoto. Aka aika maƙwabta, na hau, na haɗa mita, ta fara ƙararta ta tit-tit.

Ban fi minti biyar ba na ji an ce daga ƙasa, "Kai baƙo, sauko."

Mutum shida ne, 'yan sa-kai na garin, da bindigogin gargajiya da layu a damtse. Bayansu jama'a ta fara taruwa. Babbansu wani dogo ne mai suna Bawa. Daga baya na ji wata guda kafin nan aka kashe ƙanensa a gona. Na sauko da mita a rataye a wuyana.

Ya nuna ta da baki ya ce, "Mi ne wanga abu?"

Na ce, "Mita ce ta saitin dish."

"Da wa kake magana da ita?"

"Ba ta magana da kowa. Ji kawai take yi."

Ina rufe baki na san ban zaɓi magana ba. Ya ce, "Ji take yi. To mi ta ji a garinmu?"

A lokacin labari ya bazu ko'ina cewa masu kai wa ɓarayi rahoto suna da na'urar da ke magana ta sama ba sai da layi ba. Ga baƙo a bisa soro mafi tsawo a gari, da abu mai gilashi yana ƙara. In ni ne a ƙasa, ban san abin da zan zata ba.

Malam Isiyaku ya fito ya ce, "Bawa, ni na kira shi."

Bawa ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, mai dish ka kira. Ka taɓa ganin fuskar wanga kafin yau?"

Malam mutum ne da ba ya ƙarya ko don ceto. Ya ce, "Ban taɓa ba."

Na fito da takardar. Wani ya ce takarda ana iya karɓe ta a hannun direba. Wani daga baya ya ce a kai ni bakin gulbi a tambaye ni da kyau. A shekarar nan ba duk wanda aka kai bakin gulbi yake dawowa ba, kowa a wurin ya sani, ni ma na sani.

Na cire mitar daga wuyana na miƙa wa Bawa. Na ce, "Riƙe ta da hannunka. Zan haɗa mata doguwar waya, in hau da sifana kaɗai. Ka ga layin nan na ƙasa? Shi za ka duba mini. In ya cika ya yi kore, za ka ga abin da take ji da idonka. In ka ga wani abu daban da wanda Malam ya kira ni dominsa, ga ni a sama, ba inda zan bi."

Ya karɓa da 'yan yatsu kamar mai ɗaukar garwashi. Ya ce, "Hau."

Na hau, na juya dish wajen da na sani, na fara turawa a hankali. Na ce, "Me ka gani?"

"Na sama ya cika. Na ƙasa babu komai."

Na dawo baya, na ɗan ɗaga, na sake bi. Babu. Na sauke, na sake bi. Babu. Aikin da nake yi cikin minti biyu ya kai minti goma sha. Surutun ƙasa ya fara canzawa. Ga kuma hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, daidai inda nake nema, kuma in ya rufe wurin ko dish lafiyayye ba zai nuna komai ba.

A irin wannan wuri abin da ke cetonka shi ne ka bi abu ɗaya-ɗaya yadda aka koya maka. Layin sama ya cika, ke nan waya lafiya, ido lafiya. Inda tauraron yake na san shi kamar ƙofar gidana. Babu itace, babu bango. Abu ɗaya ya rage, shi ne farantin kansa. An ce mini faɗuwa ya yi.

Na leƙo na ce, "Allah gafarta Malam, a taimake ni da zare."

Bawa ya ce, "Mi za ka yi da zare?"

Na ce, "Za ka gani."

Aka kawo zaren ɗinkin hula daga cikin gida aka jefo mini. Na ɗaura ɗaya daga bakin dish na sama zuwa na ƙasa, ɗaya daga hagu zuwa dama. In dish lafiya yake, zaren biyu taɓa juna suke yi a inda suka gitta. Waɗannan kuwa, yatsa biyu suna shiga tsakaninsu. Faɗuwar ta murɗe shi, murɗewar da ido ba ya gani, sigina kuwa yana sauka a kansa ya watse bai taru a ido ba.

Na kwance shi na kwantar a kan soron. Na sa gwiwa a gefe ɗaya, na kama ɗaya gefen da hannu biyu, ina dannawa ina duba zare. Ƙarfe ne mai laushi, in ka yi garaje ka lanƙwasa shi ta wani wajen. Sau huɗu na danna kafin zaren suka haɗu. Na mayar da shi kan turke, iska ta fara kaɗa rigata. Na fara turawa.

Can sai Bawa ya ce, "Ya motsa." Sai kuma, "Ya koma."

Na dawo baya kaɗan-kaɗan.

"Ya zo. Yana hawa. Ya yi kore."

Na ce, "Danna maɓallin tsakiya."

Daga sama ban ga gilashin ba, amma na ji muryar mai karatu ta fito daga 'yar lasifikar mitar. Ka'aba ce a tafin hannun Bawa, mutane suna ɗawafi. Ya daɗe yana kallo. Sai ya cire bindigar daga kafaɗa ya miƙa wa na kusa da shi, ya goge hannunsa a riga, ya tallabi mitar da hannu biyu ya kai gaban Malam Isiyaku.

Sannan Bawa ya ɗaga kai ya ce mini, "Sauko, Malam."

Na ce, "Ban gama ba. Saura sama da ƙasa, saura ido. Ci gaba da faɗa mini."

Haka ya tsaya yana karanta mini, ya hau, ya sauka, ya hau, har na ɗaure noti na ƙarshe ruwa yana sauka a bayana. Muka shiga zaure muka haɗa talabijin. Da ruwan ya yi ƙarfi hoto ya ɗauke, yana sassautawa ya dawo da kansa.

Da aka ɗauke ruwa Bawa da mutum biyu suka raka ni har Dauran. Shi ya ɗauki jakata. Bai yi doguwar magana ba, ya ce, "Ka yi haƙuri. Kwanakin ne." A hanya ya yi ta tambayata yadda abu ke jin sama ba tare da layi ba, na yi masa bayanin iya abin da na sani. Ban sake ganinsa ba. An ce mini yana cikin waɗanda suka tsaya a baya ranar da ɓarayin daji suka afka wa garin ya watse, shekarar da ta biyo.

Bayan watsewar, Malam Isiyaku ya dawo cikin Zurmi, wani tsohon ɗalibinsa ya ba shi sashe a gidansa. Lokacin layi ya dawo, da waya ya kira ni. Na je na tarar da dish ɗin a jingine, naɗe cikin tabarma, a kan amalanke suka fito da shi tare da littattafansa. Na zaɓi wuri a tsakar gida, na sa a kawo diga, na fara kwance ɗan simintin da na zo da shi, domin ni ban taɓa kafa turke a ƙasa ba siminti ba.

Malam ya ce, "Kada ka zuba siminti."

Na ce, "Allah gafarta Malam, iska za ta riƙa gusar da shi."

Ya ce, "Ta gusar. Sai ka zo ka gyara. Ba zama muka zo yi ba."

Na nemo rabin duro, na tsayar da turken a ciki, na cika da duwatsu da yashi. Ba aikin da zan nuna wa ɗalibi ba ne, amma na saita shi har layin ƙasa ya kai iyakarsa. Damina uku ke nan. Duk sanda aka yi iska mai ƙarfi na san kashegari wayata za ta yi ƙara, in ɗauki mita in shiga motar Zurmi.

Zuwana na ƙarshe, bayan na gama ina naɗe waya, ya kira ni kusa da buzunsa. Ya tsufa ƙwarai, sai na sunkuya nake jin muryarsa. Ya tambaye ni minti nawa ake yi a kwance dish a naɗe shi.

Na ce, "Ba ya wuce minti ashirin."

Ya ce, "To madalla. Ka riƙa zuwa da sifanarka."